Kular Yaya Tana Komawa a Wanke

Anti mai wannan fili, don Allah ki taimake ni da shawara. Na shiga wani hali wanda ko abokina na kusa na fara gaya wa, sai ya tuntsire da dariya ya ce ina ma shi ne. Matsalata abinci ce, kuma ba rashinsa ba. Yawansa ne ya hana ni sakat, har ta kai in na ji ƙarar babur a ƙofar gidanmu da yamma sai gabana ya faɗi.

Sana'ata gyaran firij da firiza, shi ya sa masu kirana suka laƙaba mini Mai Sanyi. A wannan aiki babu asirin gidan da ban gani ba. Mutum zai share falo ya fesa turare kafin ka iso, amma firijinsa ba ya rufa masa asiri. Na buɗe wanda aka cusa wa robobin miya har ƙofa ta ƙi rufuwa, sannan matar gidan ta rantse mini injin ne ya lalace. Na ga tumatir ya zama ruwa a aljihun ƙasa, na ga kabeji ya yi baƙi ƙirin, na ga naman da aka manta da shi tun haihuwar yaron da yanzu yake miƙo mini sukurdireba. In na gama ɗura gas na canza robar ƙofa, nakan ƙara musu da wa'azi kyauta, in ce su ji tsoron Allah, akwai masu kwana da yunwa. Ashe laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen na wasu. Yau in wani mai gyara ya buɗe firijina, ni ne zan sunkuyar da kai.

Sai na koma baya kaɗan kafin ki gane, ki yi haƙuri da tsawon zance. Mu biyar ne a wurin iyayenmu, ni ne auta, Yaya ce babba. Ina ƙarami mahaifinmu ya rasu, mahaifiyarmu kuma ciwo ya kwantar da ita, aka zo aka yi wata shekara da abinci ya yi tsadar da ko manya ba su taɓa ganin irinta ba. Yaya ta bar makaranta ta riƙe gidan. Ita ke dafawa, ita ke rabawa. Kullum in ta ajiye mana kwano muka ce ta sa hannu, sai ta ce ta riga ta ci nata a kicin tun tana dahuwa, ta nuna mana leɓenta yana ƙyalli da mai. Mu kuwa yara, sai mu yarda mu hau ci. Sai da na yi aure, mahaifiyarmu tana gab da rasuwa, take gaya mini cewa man nan Yaya da yatsa take dangwalo shi daga gindin kwalba ta shafa a baki, don kada mu rage mata. Ranar na fita bayan ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun ina yaro.

To kin ji wacece Yaya a wurina. Duk ƙashin da ke jikina da abincinta aka gina shi. Har yau, da furfurata da jikokina, Auta take kirana, kuma har yau ba ta zama ta ci abinci sai kowa ya tashi.

Shekara biyu da wani abu ke nan da mai ɗakina ta rasu, Allah ya jiƙanta. 'Ya'yana mata biyu duk suna gidajen mazajensu a nesa. Na rage ni kaɗai a ɗaki biyu da falo a saman bene, ga ni ko ƙwai in na soya sai maƙwabta sun leƙo su ga me ke ƙonewa. Da aka watse daga zaman makoki, washegari da yamma sai ga mai babur ɗin unguwar su Yaya da kula a hannu. Shinkafa da wake, miya da nama, har da ɗan ganye a gefe. Anti, ban san yadda zan kwatanta miki abin da na ji ba. Na zauna a ƙasa na ci ina hawaye, kuma tun rasuwar ranar ce na fara yin barcin kirki. Wallahi kular nan ita ta riƙe ni a watannin farko. Ba don ita ba da shayi da burodi sun ƙarasa ni.

Sai dai Yaya ba ta iya dahuwar mutum ɗaya ba. Hannunta ya saba da gidan mutum goma. Abin da take zubo mini, ni da ƙarti uku ma sai mun yi da gaske. Nakan ci abin da zan iya, in juye saura a roba in sa a firij, in wanke kular tas in goge, domin marigayiya ta koya mini ba a mayar wa mutum kwanonsa da datti. Gobe mai babur ya kawo wata ya karɓi ta jiya. Ban taɓa kawowa a raina cewa wankin nan magana yake yi ba. Ita Yaya in ta buɗe kula ta ga ko ƙwayar shinkafa babu, abin da take karantawa shi ne Auta ya cinye har ya suɗe, wato bai ishe shi ba. Sai ta ƙara ludayi. Na wanke, ta ƙara. Kular da muka fara da ita mai hawa ɗaya ce, aka koma mai hawa biyu.

Kada ki ce ban yi ƙoƙari ba. Na taɓa cewa ta rage a waya, cikin wasa-wasa. Ta ce in rufe mata baki, ta ga hotona a wayar jikarta duk na zabge, wuyana kamar na zakara. Alhali likita a daidai lokacin ya gama yi mini faɗa a kan tumbi da sukari, ya ce in rage shinkafa da maiƙo. Wandunana duk sai da tela ya buɗe musu ƙugu.

Daga nan na fara sauko wa mai gadin gidanmu da rabi tun da zafinsa. Na samu sauƙi na ɗan lokaci. To bawan Allah nan mutum ne mai godiya, sai wata rana ya tare mai babur ya ce don Allah a gaida masa baiwar Allah mai miyar nan, bai taɓa cin irinta ba. Mai babur kuwa bakinsa ba ya da ƙofa, ya kai saƙo har da ƙari. Na zauna ina jiran Yaya ta kira ta wanke ni. Ba ta kira ba. Washegari sai ga kula mai hawa uku, da saƙon cewa tunda ina da abokin ci me ya hana in faɗa tun wuri, ai da an ƙara. An gudu ba a tsira ba ke nan. Bayan wata biyu kuma aka canza wa mai gadin wurin aiki, aka kawo wani da matarsa ke aiko masa da nasa, ni kuma aka bar ni da hawa uku.

Maƙwabtana na bene kowa ƙofarsa a rufe, gaisuwa ma a matakala ake yi a tsaye. Na ji nauyin in ƙwanƙwasa wa mutum da roba a hannu, ya ɗauka na raina shi. Da safe kuma fita nake da jakar kayan aiki, gida-gida, ba ni da shagon da zan tara mutane mu ci. Haka robobi suka yi ta hawa kan juna. Kin san firij jinkirta lalacewa yake yi, ba ya hana ta, balle in wuta ta yi ta wasa. Duk ƙarshen mako sai in juye su a baƙar leda in ɗaure, in sauka da ita zuwa bola ina waige-waige kamar wanda ya yi sata.

Abu biyu ne suka sa na kasa haƙuri na rubuto miki. Na farko, wani aiki ya kai ni kusa da gidan Yaya da rana, na ce bari in leƙa ba tare da na sanar ba. Na tarar da ita a kicin a kan 'yar kujera, ta miƙe ƙafar da gwiwarta ke ciwo, da tabarau a hanci tana tsintar wake ɗaya bayan ɗaya. Da aka sauke tukunya, kulata aka fara jawowa. Ta kwashe mini saman abinci, ta tsamo mini tsokokin da suka fi kyau, sannan aka zuba wa mutanen gida. Matar ɗanta tana tsaye tana kallona, na ji kallon har cikin ƙashina. Ita kuwa Yaya da aka gama, ƙanzon gindin tukunya ta kankare ta yayyafa masa miya, ta ce ai shi ta fi so.

Na biyu ya faru a ƙarshen makon nan. Na ajiye ledata a bola na juya, sai na ga wata mata da goyo ta nufo wurin. Na laɓe a bayan wata mota. Ta kwance ledar a hankali, ta ga shinkafa da nama, fuskarta ta washe. Ta kai hanci, ta daɗe a haka, sannan ta ɗaure ledar kamar yadda ta same ta, ta gyara goyonta ta wuce. Anti, abincin da Yaya ta tsince da tabarau, na riƙe shi a ɗakina har ya kai mai yunwa ma ba za ta iya ci ba. Na bi ta da niyyar in ba ta wani abu, kafin in tsallaka titi ta shige cikin mutane.

Babbar 'yata ta ce in fito fili kawai in gaya wa Goggonta gaskiya, abinci yana zubewa. Ita yarinya ce, ba ta ga leɓen nan mai ƙyalli ba. Ta yaya zan kalli matar da ta kwana da yunwa domina in ce mata abincinta bola nake kaiwa? Ina tsoron in karya mata zuciya, ta ɗauka na ƙoshi da ita ne, ba da abincin ba. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun girma, matar ɗanta ta karɓe yawancin aikin gida. Ina ganin kamar kular nan ce take tashinta da safe. Abokina kuma ya ce in yi shiru in gode wa Allah, mutane nawa ne ke da mai tuna su kullum. Shi ma gaskiya ya faɗa, kuma Allah ya sani ina godiya. Amma in na yi shiru, ledar nan za ta ci gaba da sauka.

Ina son Yaya, ina jin kunyar Allah, kuma ba na son in sake ganin abin da na gani a bola. Yaya zan yi?

Naki,
Autan Yaya

AMSA

Autan Yaya, sannu da ƙoƙari, Allah ya jiƙan mai ɗakinka. Wasiƙu da yawa da ke zuwa mini na mutanen da babu mai tambayar ko sun ci ne. Taka ta faranta mini rai, domin na ga mace mai zuciya, na kuma ga ƙanen da ya san darajarta. Ka riƙe wannan godiyar da kyau, da ita za a yi gyaran.

Amma bari in fara da kai, tunda kai ka kawo kanka. Yaya ba ta yi almubazzaranci ba. Mace ce da ke aiki da labarin da ake kai mata, kuma kullum labarin da kake aika mata shi ne bai isa ba. Ba ka yi ƙarya da baki ba, ka yi ta da soso da sabulu. Maganar da ka yi mata a waya cikin wasa ba ta da nauyin kular da take buɗewa da hannunta ta gani wayam. Ka ce kana tsoron karya mata zuciya. Na yarda. Sai dai ka duba da kyau, a cikin tsoron nan akwai na kanka, na ranar da za ka zauna a gabanta ka ji kunya. Kafin ranar ta zo, gwiwarta ce ke biya, da cikin mutanen gidanta, da mata irin wadda ka gani.

Ita ma Yaya ba zan ce ba ta da nata ba. Ba ta sauraro, kuma wanda ya sha yunwa yana yaro yakan girma da mudun da ba ya cika. A wurinta ragowa ita ce shaidar an tsira. Wannan ba abin zargi ba ne, tabo ne, amma tabon nan yanzu yana cutar da lafiyarka, yana kuma rage wa jikokinta tsoka. Kallon da matar ɗanta ta yi maka kada ka riƙe ta da shi. Tana da gaskiyarta, kuma in ka bi a hankali ita ce za ta fi kowa taimaka maka.

'Yarka da abokinka kowa ya riƙe rabin gaskiya. Dole Yaya ta sani, amma ba dole ta ji kalmar bola ba. Ba kowace gaskiya ake zubewa mutum a cinya gaba ɗaya ba. Abin da take buƙatar sani shi ne abincin ya fi ƙarfinka, yana kwana, wani yana lalacewa, kuma likita ya sa maka doka. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya isa. In ta tsare ka da tambayar ina sauran yake zuwa, kada ka yi mata ƙarya, ka ce ya lalace a hannunka kuma abin yana cin ranka. Za ta yi faɗa, wataƙila ta yi kwana biyu ba ta ɗaga wayarka ba. Matar da ta riƙe gida tana yarinya ba za ta karye a kan wannan ba. Ka daina yi mata kallon ƙwai.

Kuma kada ka yi maganar a waya, kada ka aika mai babur, mun ga yadda yake isar da saƙo. Ka je da kanka, da ƙaramar kula sabuwa mai hawa ɗaya, ka ce wannan ce daidai cikinka. Ka tafi da takardar likita in kana da ita, domin irin su Yaya sukan ƙi maganar ƙane su bi ta likita. Ka roƙe ta ta taimake ka ka bi dokar: wake da ganye su fi yawa, shinkafa kaɗan, mai kaɗan, nama ba kullum ba. Ka lura, aiki ka ba ta, ba ka karɓe mata ba. Wadda ta iya tsintar wake saboda kai za ta iya zama mai gadin sukarinka, kuma ina tausaya maka ranar da ta kama aikin.

In hannunta ya ƙi sabawa da kaɗan, to a bar ta ta dafa, amma a raba tun a bakin tukunya. Abinci yana zama kyauta ne lokacin da yake da zafi. In ya kwana uku a roba ya zama kaya, kowa nauyinsa yake ji. Ka tambaye ta wa ta sani a kusa da ita da ke fama, domin na tabbata ta san su gida-gida, ta san wadda mijinta ba ya aiki da tsohon da ba shi da mai dafa masa. Hawa biyun da ka sauke su tafi can da sunanta, ladan ku raba. Kai kuma mai gyaran firiza ne, wanzami ba ya son jarfa. Ranar da abinci ya fi ka, ka raba shi tun a daren a ƙananan robobi ka daskarar, ka kuma gaya wa Yaya gobe kada a kawo, akwai na jiya. In ta ji ana cin na jiya, hankalinta zai fi kwanciya fiye da yadda kake zato.

Wa'azin da kake yi wa masu firij kada ka daina shi don ka ga naka laifin. Yanzu ma ka fi cancanta, sai dai ka sassauta murya. Yunwar duniya ba kular Yaya ce za ta kawar da ita ba, akwai fari, akwai yaƙi, akwai tsada, abubuwan da suka fi ƙarfina da kai. Amma abinci mai yawa da ake nomawa a duniyar nan ba ya shiga cikin kowa, kuma wani kaso nasa a gidaje irin namu yake mutuwa, a hannun mutanen kirki masu kyakkyawar niyya. Kowace leda da ta sauka ta tafi da gumin manomi, da ruwa, da wutar da aka dafa, da wunin wata mata a kicin. Wannan kason namu ne, shi za a tambaye mu.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi muhimmanci. Ka rage karɓar kula, ka ƙara zuwa. Ko sau biyu a mako ka je ka ci a gidanta, ka ce ba za ka sa hannu ba sai ta zauna ta ci tare da kai a kwano ɗaya, daga saman tukunya. Za ta ce ta ci, kada ka yarda. In kun gama, ka bar 'yar loma a kwanon inda za ta gani, ka dube ta ka gaya mata da bakinka cewa ka ƙoshi, kuma ita ce ta ƙosar da kai tun kana yaro. Ina zargin a duk shekarun nan an sha yi mata godiya, amma babu wanda ya taɓa gaya mata aikin ya kammala, yaran sun tsira, za ta iya zama ta ci nata.

Allah ya ƙara wa Yaya lafiya, ya saka mata da mafificin alheri, ya ba ka bakin faɗa mata, ya sa zuciyarta ta karɓa da sauƙi. Ita kuma baiwar Allah mai goyo, Allah ya ciyar da ita daga inda ba ta zato. Ka je a makon nan, kada ka bari wata leda ta riga ka sauka.